Kundin Aiki: Gina Littattafan Lissafin Kasuwanci Na Wata Ɗaya Don Masu Koyo

3 ga Fabrairu, 2025

Yau aka tsayar da shawara kan fasalin aikin. Abin da ake so a samar shi ne cikakken misali guda ɗaya na littattafan lissafin kasuwanci, wanda mai koyo zai bi tun daga ranar da mai kasuwa ya zuba jarinsa har zuwa ranar da aka fitar da bayanin riba da asara, ba tare da ana sauya masa labari a kowane darasi ba. Yawancin atisayen da masu koyon aikin akanta ke haɗuwa da su gutsattsari ne. Yau a ba su lissafin raguwar darajar mota, gobe a ba su na hajar da ta rage a sito, kuma babu abin da ya haɗa wannan da wancan, shi ya sa ake samun wanda ya iya kowane lissafi shi kaɗai amma ba zai iya bin sawun lamba ɗaya ba tun daga rasit, ta shiga littafi, har ta fito a rahoton ƙarshe.

Kasuwancin da za a yi aiki da shi ƙirƙirarre ne: mutum ɗaya ne yake sarin kujeru yana sayarwa. Na zaɓi haja iri ɗaya wadda ake iya ƙirgawa da ido domin kada yawan kaya ya ɗauke hankalin mai koyo daga ƙa'ida. Ba a saka wa lambobin sunan kuɗin kowace ƙasa ba, domin tsarin rubutun bai canzawa da canjin kuɗi. Za a rubuta komai da hannu a takarda tukuna, sai daga baya a mayar da shi kwamfuta, saboda kowace hada-hada ana rubuta ta ne a ɓangare biyu, kuma manhaja tana cike ɓangare na biyun da kanta, wanda kuma bai taɓa cike shi da hannunsa ba zai daɗe bai san abin da manhajar ke yi masa ba.

7 ga Fabrairu, 2025

An kammala tsara hada-hadar watan. Ranar 1 ga wata mai kasuwar ya zuba jarin 1,000,000 a asusun bankin kasuwancin, ya karɓi rancen 600,000 a kan ruwan kashi 12 cikin ɗari a shekara, sannan ya biya hayar sito ta wata shida gaba ɗaya, wato 180,000. Washegari ya sayi motar ɗaukar kaya a kan 540,000. Ranar 3 ya sari kujeru 100 a kan 3,000 kowace ɗaya ya biya nan take, ranar 10 kuma ya ƙara sarin wasu 100 a kan 3,600 kowace ɗaya, amma wannan karon bashi ya karɓa. Ya sayar da 80 ranar 12 kuɗi hannu, ya sayar da 70 ranar 20 a kan bashi, duka a kan 5,000 kowace kujera. A kwanakin ƙarshen watan ya rage wa dilan da ke bin sa 200,000, ya karɓi 150,000 daga cikin bashin da yake bi, ya biya albashin 70,000, ya ɗebi 40,000 don hidimar gidansa, kuma ranar 30 wani mai saye ya ba da kafin alƙalami na 50,000 a kan kujerun da sai wata mai zuwa za a kai masa.

Kafin a buɗe kowane asusu, an bi hada-hadar ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin da duk aikin ya ginu a kansa, wato kadarori daidai suke da basussuka a haɗe da jari. Bayan jari da rance, kasuwancin yana da 1,600,000 a banki, daga ciki 600,000 haƙƙin mai ba da rance ne, 1,000,000 kuma haƙƙin mai kasuwa. Sayen motar bai ƙara komai ba kuma bai rage komai ba, kadara ce ta sauya kama daga kuɗi zuwa ƙarfe. Sarin ranar 10 shi ne na farko da ya ɗaga ɓangarorin biyu ba tare da ko sisi ya motsa a banki ba: haja ta ƙaru da 360,000, bashin da ake bin kasuwancin ma ya ƙaru da 360,000.

Da gangan aka saka kuɗin da mai kasuwar ya ɗiba don gidansa. A wurin akanta, kasuwanci daban yake da mai shi, ko da a idon doka su biyun abu ɗaya ne, don haka wannan 40,000 ba ta cikin abin da aka kashe don neman riba. Jari ne ya ragu. Wanda ya haɗa ta da albashi zai rage ribar watan da 40,000 ba gaira ba dalili.

12 ga Fabrairu, 2025

An shigar da hada-hadar a littafin yau da kullum, inda ake rubuta kowace ɗaya a jere bisa kwanan wata tare da gajeren bayani, sannan aka kwashe su zuwa babban littafi, inda kowane asusu ke da shafinsa mai ɓangare biyu. Ɓangaren hagu shi ne debit, na dama shi ne kiredit. Kadara da kuɗin da aka kashe suna ƙaruwa ta hagu, bashi da jari da kuɗin ciniki suna ƙaruwa ta dama, raguwar kowanne kuma tana zuwa ta ɗaya ɓangaren. Ƙa'idar ba ta wuce wannan ba, kuma ban ga amfanin lulluɓe ta da dogon bayani ba.

Inda masu koyo ke tuntuɓe shi ne saƙon da banki ke turo musu, domin idan kuɗi ya shiga asusunsu sai su ga an rubuta kiredit, alhali a darasi an ce musu shigar kuɗi debit ce. Duka biyun daidai ne, littattafan ne daban. Saƙon yana nuna abin da ke cikin littafin bankin, kuma a wurin banki kuɗin mai ajiya bashi ne a kansa wanda zai biya duk ranar da aka nema, don haka ƙaruwarsa ta dama take. An ƙara sakin layi ɗaya a kan wannan tun a farkon darasin, tare da nuna jarin 1,000,000 a littattafan biyu gefe da gefe.

An kuma saka ɗan tarihi, amma kaɗan. Luca Pacioli, malamin lissafi ɗan Italiya, shi ne ya fara fitar da cikakken bayanin wannan tsari a bugaggen littafi, a cikin Summa de arithmetica da aka buga a birnin Venice a 1494. Ba shi ya ƙirƙiro tsarin ba, ya rubuta abin da 'yan kasuwar birnin ke yi ne, kuma littattafan ma'ajin birnin Genoa na 1340 sun riga sun bi wannan hanya. Abin da ya sa na kawo shi a nan shi ne littattafai uku da ya bayyana: na tuni, wanda ake rubuta ciniki a cikinsa da zarar ya auku, da na yau da kullum, da babban littafi. A yau rasit da takardar neman biya da takardar banki su ne suka maye gurbin na farkon, sauran biyun kuwa suna nan yadda suke, ko a takarda ko a kwamfuta.

18 ga Fabrairu, 2025

An rufe asusu-asusu an fitar da jadawalin gwajin daidaito. A hagu akwai banki 870,000, haya 180,000, mota 540,000, sarin haja 660,000, bashin da kasuwancin ke bi 200,000, albashi 70,000, da abin da mai kasuwa ya ɗiba 40,000. A dama akwai jari 1,000,000, rance 600,000, bashin dila 160,000, ciniki 750,000, da kafin alƙalami 50,000. Kowane ɓangare ya tashi 2,560,000. A wannan matakin babu wata lamba a jadawalin da za a iya kira riba, domin hayar wata shida tana zaune gaba ɗayanta, kujerun da ba a sayar ba suna cikin sari, kuma ba a taɓa maganar ruwan rance ba.

26 ga Fabrairu, 2025

Wannan makon ya tafi ne a kan kujeru 50 da suka rage a sito. An sari 200, an sayar da 150, kuma dukansu iri ɗaya ne, babu alamar da za ta nuna wadda aka saya 3,000 da wadda aka saya 3,600. Dole a zaɓi hanyar da za a raba 660,000 tsakanin abin da ya fita da abin da ya rage, kuma wannan zaɓi shi ne karo na farko a aikin da amsa ta dogara da hukuncin akanta maimakon tarawa da ɗebewa.

Idan aka ɗauka cewa hajar da ta fara shiga ita ta fara fita, to kujeru 150 da aka sayar sun ci 100 na farko gaba ɗaya, wato 300,000, da 50 daga na biyu, wato 180,000, jimla 480,000. Saura a sito 180,000, ribar ciniki kuma, wato cinikin 750,000 bayan an cire kuɗin hajar da aka sayar, 270,000. Idan aka bi matsakaicin farashi, sai a raba 660,000 gida 200 a sami 3,300, kuɗin hajar da aka sayar ya zama 495,000, saura 165,000, riba 255,000. Idan kuma aka ce ta ƙarshen shiga ita ta fara fita, kuɗin hajar ya hau zuwa 510,000, saura 150,000, riba ta sauko zuwa 240,000. Kujerun ba su canza ba, kuɗin da ke banki bai canza ba, amma tsakanin riba mafi girma da mafi ƙanƙanta akwai 30,000.

Hanya ta uku an nuna ta ne don kwatantawa kawai. Ƙa'idar IAS 2 ta lissafin haja, wadda IASB, hukumar tsara ƙa'idojin akanta na duniya da ke Landan, ke kula da ita, ba ta yarda da ita ba, ko da yake ƙa'idojin Amurka sun halatta ta, kuma kamfanoni da dama a can suna bin ta saboda a lokacin hauhawar farashi tana rage ribar da ake biyan haraji a kai. A misalinmu an tsaya a kan hanya ta farko. IAS 2 ta kuma tanadi cewa idan abin da za a samu daga sayar da haja, bayan an cire kuɗin sayarwar, ya gaza abin da aka saye ta, to ƙaramin adadin ake rubutawa. Tunda kujerun suna tafiya a kan 5,000, wannan bai taso ba a watan farko, amma an ajiye shi don wata na biyu.

An ƙara wani ɗan atisaye a nan saboda kuskuren da ya yawaita har a tsakanin waɗanda suka daɗe suna kasuwanci. Ribar 270,000 idan aka auna ta da cinikin 750,000 kashi 36 cikin ɗari ce, idan kuma aka auna ta da kuɗin hajar 480,000 kashi 56.25 ce. Wanda ya ɗora kashi 36 a kan kuɗin sari yana zaton zai sami kashi 36 na ciniki zai tarar da abin da ya samu bai kai kashi 27 ba.

5 ga Maris, 2025

Gyare-gyaren ƙarshen wata su ne zuciyar aikin, kuma su suka fi cin lokaci wajen rubuta bayani, ko da yake lissafinsu bai wuce rabawa da ninkawa ba. Dukansu suna amsa tambaya ɗaya ce: wane ɓangare na wannan kuɗi ne na watan nan, ba tare da la'akari da ranar da kuɗin ya shiga ko ya fita ba?

Hayar 180,000 ta wata shida ce, don haka 30,000 kawai watan ya ci, sauran 150,000 kadara ce, domin kasuwancin yana da haƙƙin zama a siton wata biyar nan gaba. Ruwan rance kishiyar wannan ne. Ba a biya komai ba tukuna, amma kashi 12 cikin ɗari na 600,000 shi ne 72,000 a shekara, wato 6,000 a wata, kuma an riga an ci moriyar rancen wata guda, saboda haka ana rubuta 6,000 a cikin abin da aka kashe, a kuma rubuta ta a matsayin bashi. Haka aka yi da wutar lantarki ta 12,000 wadda takardarta ba ta iso ba sai bayan wata ya ƙare.

Kafin alƙalamin 50,000 kuwa an bar shi a cikin basussuka, ba a kai shi ciniki ba. Ƙa'idar IFRS 15, wadda ta fara aiki a 2018, ta ɗaure rubuta kuɗin ciniki da lokacin da mai sayarwa ya cika alƙawarinsa, wato lokacin da ikon kayan ya koma hannun mai saye. A nan kujerun suna sito, abin da ke hannun mai kasuwa nauyi ne, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai ranar da aka kai kayan sannan kuɗin zai tashi daga bashi ya koma ciniki.

Motar an ƙiyasta za ta yi aikin shekara 5 sannan a sayar da ita 60,000. Abin da za a rarraba shi ne 480,000, wato 96,000 a shekara, 8,000 a wata. An nuna hanya ta biyu a gefe, wadda ake cire wani kaso na abin da ya rage kowace shekara: da kashi 30 cikin ɗari, shekarar farko za ta ci 162,000, ta biyu 113,400, a ci gaba da sauka. Ƙa'idar IAS 16, ta kadarori masu daɗewa irin su mota, ta yarda da duka biyun, sharaɗinta shi ne hanyar ta dace da yadda ake cin moriyar kadarar. Na ga dole a rubuta a fili cewa wannan 8,000 ba kuɗi ba ne da aka ware a wani asusu don sayen sabuwar mota, kuma 532,000 da ta rage a littafi ba ita ce farashin motar a kasuwa ba. Rabon kuɗin da aka riga aka kashe ne a kan shekarun da za su amfana da shi.

Na ƙarshe shi ne tanadin bashin da mai yiwuwa ba za a biya ba. An ɗauki kashi 5 cikin ɗari na 200,000, wato 10,000. Wannan adadi na misali ne, a kasuwanci na gaskiya ana fitar da shi ne daga tarihin biyan masu saye da shekarun bashin da halin da ake ciki. Idan aka duba da kyau, daga cikin lambobin wannan rana, shekarun motar da farashin da za a sayar da ita da kason tanadin duka ƙiyasi ne, kuma babu rasit ɗin da zai tabbatar da ko ɗaya.

11 ga Maris, 2025

An ƙirƙiri takardar banki ta watan don darasin daidaita littafi da banki. Littafin kasuwancin ya nuna 870,000, takardar banki ta nuna 888,000, bambanci 18,000. Abubuwa uku ne suka haifar da shi. Banki ya cire cajinsa na 2,000 wanda kasuwancin bai sani ba sai da takardar ta zo. Cek ɗin albashi na 70,000 an rubuta shi amma ba a kai shi banki ba tukuna. Kafin alƙalamin 50,000 da aka kai ranar 30 bai bayyana a takardar ba sai a wata mai zuwa.

Abin da mai koyo zai rarrabe shi ne wanne ne ke buƙatar sabon rubutu a littafi, wanne ne kuma jinkiri kawai. Cajin banki shi kaɗai ake shigarwa, littafi ya koma 868,000. Sauran biyun littafi ya riga ya san da su, banki ne bai kai gare su ba, don haka daga 888,000 ake cire 70,000 a ƙara 50,000, a dawo kan 868,000. Bambancin 18,000 yana rabuwa gida 9 ba tare da saura ba, kuma an bar shi haka da niyya, dalilin zai bayyana a darasi na gaba.

17 ga Maris, 2025

An shirya kwafi na biyu na littattafan, aka dasa kurakurai a ciki, aka ba wasu masu koyo su gwada nemo su. Kurakuran kashi biyu ne. Kashi na farko su ne masu ɓata daidaiton jadawali. An rubuta motar 450,000 a maimakon 540,000, wanda ke haifar da giɓin 90,000, kuma duk lokacin da aka juya lambobi biyu haka giɓin yana rabuwa gida 9. An kuma kai 40,000 da mai kasuwa ya ɗiba ɓangaren dama a maimakon hagu, wanda ke haifar da giɓin 80,000, wato ninkin adadin, shi ya sa ake koya wa akanta ya raba giɓi biyu ya duba ko akwai hada-hada mai wannan adadi. Waɗannan ba su ba kowa wahala sosai ba. Sai dai waɗanda suka riƙe dabarar gida 9 da ƙarfi sun koma kan 18,000 na darasin banki suna neman lambar da aka juya, alhali babu ita. Dabarar tana nuna inda za a fara dubawa ne, ba ta yanke hukunci.

Kashi na biyu su ne ainihin abin da aka shirya darasin dominsu. An kai albashin 70,000 asusun mota. An kai kafin alƙalamin 50,000 asusun ciniki. An rubuta biyan 150,000 a shafin wani mai saye daban da wanda ya biya. An kuma cire wutar lantarki ta 12,000 gaba ɗaya daga ɓangarorin biyu. Bayan an gyara kurakuran kashi na farko jadawalin ya daidaita tsaf, kuma a nan mafi yawan masu gwajin suka ajiye alƙalami suka ce sun gama, alhali ribar da littafin ke nunawa ta ninka ta gaskiya, domin albashin da kafin alƙalamin da wutar lantarkin sun ƙara mata 132,000.

Daidaiton jadawali shaida ce kan abu ɗaya tak, cewa duk abin da aka rubuta a hagu an rubuta kwatankwacinsa a dama. Bai san ko asusun da aka zaɓa shi ne daidai ba, bai san ko watan da aka rubuta shi ne daidai ba, kuma bai san abin da ba a rubuta ba. Don kada a ɗauka wannan matsalar ɗalibai ce kawai, an kawo misalin kamfanin sadarwa na WorldCom a Amurka, wanda a watan Yunin 2002 ya bayyana cewa an rubuta kimanin dala biliyan 3.8 na kuɗin gudanar da aiki a matsayin kadarori. Iri ɗaya ne da kai albashi asusun mota, kuma littattafan ba su daina daidaita ba ko rana ɗaya. Hanyar kama irin wannan ita ce komawa ga takardar asali a tambayi kowane rubutu abin da ya saya da watan da ya shafa. Saboda abin da gwajin ya nuna, an matsar da wannan darasi ya zo kai tsaye bayan jadawalin gwaji, kafin mai koyo ya saba da ɗaukar daidaito a matsayin ƙarshen aiki.

24 ga Maris, 2025

An fitar da rahotannin ƙarshen wata. Ciniki 750,000, kuɗin hajar da aka sayar 480,000, ribar ciniki 270,000. Abin da aka kashe ya haɗa da albashi 70,000, haya 30,000, wuta 12,000, tanadin bashi 10,000, raguwar darajar mota 8,000, ruwan rance 6,000 da cajin banki 2,000, jimla 138,000, wanda ya bar tsantsar riba 132,000. A bayanin matsayin kuɗi, kadarori sun tashi 1,920,000: mota 532,000, haja 180,000, bashin da ake bi bayan tanadi 190,000, hayar da aka biya gaba 150,000, banki 868,000. Basussuka 828,000 ne, jari kuma 1,092,000, wato 1,000,000 da aka zuba a haɗa da riba a cire 40,000 da aka ɗiba.

Da farko ba a yi niyyar saka bayanin shiga da fitar kuɗi ba, saboda ana ganin ya yi wa mafari nauyi, amma lambobin watan sun sa an sake shawara. IAS 7 ta raba motsin kuɗi gida uku: na gudanar da kasuwanci, na sayen kadarori masu daɗewa, da na samar da jari. A gida na farko an karɓi 600,000 daga masu saye, an biya dila 500,000, haya 180,000, albashi 70,000 da caji 2,000, wato kuɗin da ya fita ya zarce wanda ya shiga da 152,000. A na biyu mota ta ci 540,000. A na uku jari da rance, bayan cire abin da mai kasuwa ya ɗiba, sun kawo 1,560,000. Watan da ya nuna ribar 132,000 shi ne watan da cinikin yau da kullum ya zuƙe 152,000 daga banki, kuma 868,000 da ke asusun duk daga jari da rance ta fito. Tazarar 284,000 da ke tsakanin lambobin biyu tana kwance a cikin kujerun sito da bashin da ba a karɓo ba da hayar watanni masu zuwa, bayan an cire abin da dila da sauran masu bin bashi suka jinkirta karɓa, da kafin alƙalami, da kuma raguwar darajar mota da tanadin bashi waɗanda suka rage riba ba tare da kuɗi ya fita ba. An rubuta wannan daidaitawa layi-layi, kuma a ganina ita ce shafi mafi amfani a cikin duk abin da aka yi zuwa yanzu ga wanda zai riƙe kasuwanci da kansa.

An bi tsarin gabatarwa na IAS 1, tare da ɗan bayani a ƙasa cewa IFRS 18, wadda aka fitar a watan Afrilun 2024, za ta maye gurbinta daga 1 ga Janairu, 2027, kuma za ta sauya yadda ake jera bayanin riba da asara.

31 ga Maris, 2025

An fara tsara wata na biyu. Ragowar kowane asusun kadara da bashi da jari za ta zama mabuɗin sabon wata, asusun ciniki da na kashe kuɗi kuwa za su fara daga sifili. An riga an tsayar da hada-hada huɗu: kai kujerun da aka karɓi kafin alƙalami a kansu, dawo da wasu kujeru da suka sami tangarɗa har darajarsu ta faɗi ƙasa da kuɗin sari, mutuwar wani ɓangare na bashin 200,000 domin a ga yadda tanadin 10,000 ke aiki, da rangwamen biya da wuri. A na ƙarshen dila zai ba da ragin kashi 2 cikin ɗari idan aka biya cikin kwana 10 a maimakon 30. Wanda ya ƙi karɓa yana biyan 2 a kan kowace 98 don jinkirin kwana 20, abin da idan aka miƙa shi zuwa shekara ya kai kusan kashi 37 cikin ɗari, ninki uku na ruwan rancen da kasuwancin ke biya. Harajin da ake ɗorawa a kan ciniki ba a yanke shawara a kansa ba tukuna, domin shigar da shi zai buƙaci sake rubuta kowane rasit na watan, kuma za a duba a mako mai zuwa ko a bar shi sai wata na uku.